Lambar da Malam Cha'ibu Ya Tsallake

Daga Allah muka fito, kuma wurinsa za mu koma, babu wanda zai yi saura. Ranar Talata, 7 ga Oktoba 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Cha'ibu Abdu, tsohon malamin lissafi na kolejin garinmu, a gidansa da ke Matameye, bayan jinyar kwana tara. Yana da shekara saba'in da uku. Ya bar matarsa Hajiya Hawa da 'ya'ya biyar da jikoki da dama. An yi masa sutura bayan azahar.

Sunana Najaha Haruna, ungozoma ce ni a Kance. Labarin ya iske ni a bakin aiki, ina tsakiyar karɓar haihuwa. Sai da na gama, na wanke hannu, sannan na nemi mota. Ko da na iso Matameye maza sun dawo daga maƙabarta.

Malam, duk wanda ya san mu zai yi mamakin ganin sunana a ƙarƙashin wannan takarda, don gari ya san shekara ashirin da tara ba na shiri da kai. An gaya mini cewa kafin a ɗauke ka liman ya roƙi jama'a, duk wanda ka yi wa laifi ya yafe maka, aka amsa masa baki ɗaya. To, wadda ya kamata ta amsa ba ta wurin. Kai da kanka ka nemi wannan amsa a bakina har sau uku, ban ba ka ba. Shi ya sa na zauna rubutu, kuma zan faɗi abin yadda ya faru, nawa da naka, don ba ka taɓa son a yi wa lissafi kwaskwarima ba.

Wanda bai zauna ajinka ba zai ɗauka lamba lamba ce kawai, abin ƙirga buhuna. Mu da muka zauna mun san tana da hali da dangi. A makon farko na kowace shekara kakan zo da ƙwarya cike da 'yan takardu a naɗe, kowane ɗalibi ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. A cikin kowace akwai babbar lamba. Kana kiran wannan ba da kiwo, kamar yadda uwayenmu mata ke ba maƙwabciya akuya ta riƙe. Kafin ƙarshen shekara sai kowa ya dawo maka da lambarsa tare da 'ya'yanta, wato duk lambobin da ke raba ta ba tare da saura ba, kuma ya faɗi irinta.

Irin nan kuwa da Hausa ka koya mana, ko da yake da Faransanci ake jarrabawa. Da farko a duba cika ce ko mara, wato tana rabuwa da biyu ko ba ta rabuwa. Sannan a tara 'ya'yanta, ban da ita kanta. In jimillarsu ta wuce ta, wadatacciya ce, kamar sha biyu, wadda ɗaya da biyu da uku da huɗu da shida suka ba da sha shida. In ba su kai ta ba, ramammiya ce. In sun yi daidai da ita cif, kamar shida ko ashirin da takwas, ka ce mu miƙe mu gaishe ta, don irinta ba su da yawa. Akwai kuma wadda ba ta rabuwa da komai sai ɗaya da ita kanta, irin su bakwai da sha uku da casa'in da bakwai. Ita kake kira gagararriya, kuma ba ka ɓoye cewa ita ce 'yar lelenka ba.

Don gane gagararru kana da jadawali. Ka kwafe shi da hannunka a 1978, lokacin da kake koyon aikin malanta a Damagaram, daga wani littafi guda ɗaya tak da ɗalibai arba'in ke karɓa-karɓa. Duk gagararrun da ke ƙasa da dubu suna ciki, layi-layi, da rubutunka mai kyau. Kowace shekara kakan karanto mana shi mu rubuta a bayan kaye, wato littafin rubutunmu. Kakan ce wanda ya riƙe wannan jadawali ba ya wahalar banza: in yana son gwada babbar lamba, ba sai ya raba ta da kowace lamba ba, gagararru kaɗai zai gwada, don duk abin da ya rabu da shida dole ya rabu da biyu da uku.

Sai kuma taka lambar, 676,163. A ƙarƙashin ƙarfen kekenka aka buga ta, keken da ka saya shekarar da ka fara aiki, wanda duk Matameye ta san ƙarar sa. Ka ba mu labari ba sau ɗaya ba, yadda ka kwashe damina guda kana raba ta da gagararrun jadawalinka ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 821, inda lissafi ya nuna babu buƙatar wucewa, kuma babu wadda ta raba ta. Tun daga nan take zaune a kusurwar dama ta saman tablo, babban allon aji, a cikin ɗan akwati na jan alli. Mai share tablo ya san bai isa ya taɓa wurin ba. Muna ce mata Gagarau, har mukan yi tsegumin cewa ka fi sonta da keken.

Kada wani ya ɗauka lamba kaɗai ka sani. Da wannan keke ka ɗauki Indo, abokiyar zamana, zuwa likita ranar da kunama ta harbe ta a aji, kana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ita. Da kaka, in maza suka fara shirin ci-rani, kakan bi gida-gida kana roƙon ubanni su bar yaran da jarrabawa ke gabansu, wani ya ji, wani ya ce maka boko ba ya cika rumbu, ka koma washegari kamar ba a faɗa maka komai ba. In 'yan'uwa suka rikice a kan iyakar gona, kai ake kira da igiyarka, ka auna, ka ja layi, ko furar gidan ba ka sha don kada a ce an saye ka. Ranar da innata ta rasu, a 2009, kana cikin waɗanda suka kwana uku a ƙofar gidanmu, alhali na yi shekara goma sha uku ban ce maka komai ba sai ina kwana. Na gani, Malam. Na dai yi kamar ban gani ba.

Abin ya faru a 1996, ina aji na uku a kolej, shekarata ta farko a ajinka. Zazzaɓi ya kwantar da ni a makonnin farko, don haka ban samu karatun jadawali ba. Da na dawo ya kamata in ari kayen Indo in kwafa, to amma mun yi faɗa a kan wani ɗankwali, ni kuwa Allah Ya yi ni da zuciya, na rantse ba zan roƙe ta ba, ba zan roƙi kowa ba. A ƙwarya, bayan dawowata, na ɗauki 360,360. Wadatacciya ce ta gaske, tana rabuwa da kowace lamba daga ɗaya har sha biyar, 'ya'yanta ɗari da casa'in da biyu in an haɗa da ita. Na gama da ita kafin rabin shekara. Ka duba, ka ɗaga kayen sama ka nuna wa aji, ka ce ga wadda za ta gaje ka. Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba, kuma ita ta jawo komai.

Karambanin akuya gai da kura. Da na rasa abin yi sai na ce bari in gwada Gagarau, ba don ina shakkar ka ba, sai don in bi sawunka in ji yadda ka ji. Da yake ba ni da jadawali, sai na bi doguwar hanya. Na bar cika, tunda ita mara ce. Na bar masu ƙarewa da biyar. Sauran duka na bi su ɗaya-ɗaya, uku, bakwai, tara, sha ɗaya, a kan takardar buhun siminti, bayan la'asar, a gefen innata tana matsar man gyaɗa. Uku ko huɗu a yini. Innata takan ce wannan 'ya ko dai aljanun lissafi sun shafe ta. Wata biyu ina yi, na yi rabo fiye da ɗari biyu, kowanne da saurarsa. Ran nan na zo kan 563, sai ta shiga sau 1,201, babu saura ko ɗaya. Na sake yi. Na juya na ninka 563 sau 1,201, sai ga lambar kekenka ta fito sak.

Washegari ban iya karyawa ba. Na ɗauka za ka yi murna, wallahi abin da na ɗauka ke nan. Kana shiga aji na ɗaga hannu, na ce Gagarau ta rabu. Ka tambaye ni da me, na ce da ɗari biyar da sittin da uku. Ba ka yi fushi ba da farko. Ka buɗe jadawalinka, ka bi layi da yatsa, sannan ka ɗago.

"Bayan 557 sai 569," ka ce. "Lambarki ba ta nan, ashe ba gagararriya ba ce. In ba gagararriya ba ce, tana da 'ya'ya. Da ta raba tawa, da 'ya'yanta sun raba ta tun da farko, kuma duk na gwada su. Kin yi kuskure, zauna."

Na ce a ba ni alli in nuna. Na tashi ma, na kai tsakiyar aji. A nan ne ranka ya ɓaci. Ka ce abin da hankali ya riga ya yanke ba a ɓata masa alli, ka ce yabon da ka yi mini ne ya hau mini kai, har ina neman suna da abin da ban sani ba. Aka yi dariya. A takardar sakamakon wannan zango ka rubuta cewa ina da ƙoƙari amma ina musu da taurin kai, babana ya sa aka karanta masa da ya dawo daga Legas. 'Yan aji suka laƙa mini Ɗari Biyar, sunan ya bi ni har gidan miji.

Yanzu da na girma na gane hujjarka ba ta da aibu ko kaɗan, in da jadawalin daidai yake. Wanda bai iya lissafi ba ba zai taɓa yin irin wannan kuskure ba, da sai kawai ya ce zo ki gwada mu gani. Iyawarka ce ta rufe maka ido. Amma ina da shekara goma sha biyar a lokacin, abin da na sani kawai shi ne ina da gaskiya a cikin jakata, an ƙi dubawa. Daga ranar ban ƙara ɗaga hannu a ajinka ba. Da aka zo zaɓen fanni a lise, makarantar gaba da kolej, na kauce wa lissafi da gangan. Ba zan ce kai ka hana ni ba, ni na bari, kuma aikin da nake yi yanzu ba na raina shi. Sai dai na so lissafi, Malam, so na gaske, kuma na yi kewarsa. Kai kuma ka ci gaba da rubuta Gagarau a saman tablo har shekara goma sha shida, zuwa lokacin da ka ajiye aiki a 2012. Ba ka yarda da na'urar lissafi ba, kana cewa tana sa kai ya yi tsatsa, kuma cikin ɗalibai babu wanda ya sake yin karambanina.

Sauran labarin daga bakin 'yarka Sakina na ji shi, wadda ita ma malama ce yanzu. Shekara uku da suka wuce ta kawo maka sabon littafin lissafi don ka rage zaman kaɗaici. A wani shafi aka ambata, a taƙaice, cewa gagararrun da ke ƙasa da dubu ɗari da sittin da takwas ne. Ka ɗauko tsohon jadawalinka ka ƙirga, ka samu ɗari da sittin da bakwai. Ka ƙirga sau uku. Ta ce da farko ka ce masu littafin ne suka yi kuskure, yaran zamani ba su da natsuwa. Amma abin ya hana ka sakat. Ka samo manyan takardu, ka rubuta ɗaya zuwa dubu, ka zauna a zaure kana soke 'ya'yan biyu, da na uku, da na biyar, da na bakwai, kamar mai tankaɗe. Da ka gama, ga 563 a tsaye tsakanin 557 da 569, babu abin da ya soke ta. Idonka ne ya tsallake ta a Damagaram, a 1978, kana sauri mai jiran littafi na tsaye a kanka.

Sakina ta ce ka daɗe kana kallon takardar. Sannan ka jawo wata, ka yi rabon da ka hana ni yi. An kawo abincin rana ka ce a mayar. Da Hajiya ta leƙo ta tambayi lafiya, abin da ka ce mata kawai shi ne, "Na zalunci 'yar Haruna."

Wani tsoho da ya ajiye aiki shekara goma, da sai ya yi istigfari ya rufe littafi, wa zai sani? Kai sai ka ɗauko kayayen kiran suna na duk azuzuwan da ka koyar a garin nan, ka kwafe sunaye sama da dubu a sabon kaye. Ka sa Sakina ta buga maka 'yan takardu masu yawa, kowace ɗauke da magana ɗaya: "Ni Cha'ibu Abdu na koya muku cewa 676,163 gagararriya ce. Ba haka ba ne, 563 sau 1,201 ce. Ku ƙara 563 a jadawalinku. Najaha Haruna ta gano haka a 1996, na ƙaryata ta a gaban aji." Ranar kasuwa kakan zagaya rumfa-rumfa kana neman tsoffin ɗalibanka, tela da mai nama da mai gyaran babur. Waɗanda ke Kano da Legas da Fatakwal ka aika musu ta hannun Munkaila direba, shi ma ɗalibinka ne. Munkaila ya ba ni labari yana dariya har da hawaye. Ya ce ya gaya maka shi ko lambar motarsa sai ya duba, balle wata Gagarau, kayensa kuwa tun zamanin da innarsa ta naɗe ƙosai da shi. Ka ce masa wannan matsalarsa ce, kai dai abin da ka sa masa a kai ba daidai ba ne, ka zo ka cire. Wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa ka. Ba ka kula su ba.

Amma kafin kowa, wurina ka fara zuwa. Ka hau motar Kance, ka zauna a kan benci a tsakiyar mata masu jiran awo, da hularka da sandarka, suna ta kallon ka suna ƙunshe dariya. Na hango ka ta taga. Na aika a ce maka aiki ya yi mini yawa. Ka ce ba ka sauri. Tun hantsi har la'asar kana nan, salla kaɗai ta tashe ka. Da na ga babu makawa na fito, na durƙusa na gaishe ka. Ba ka yi wani kewaye-kewaye ba, ka ce ni ce da gaskiya, kai ne da kuskure, ka zo neman gafara. Shekara ashirin da shida ina shirya abin da zan faɗa a irin wannan rana, da ta zo sai duk ya ɓace mini. Na ce ba komai, ya wuce. Ka tambaye ni ko na yafe. Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ka ce, "Amin. Amma ba shi na tambaye ki ba, 'yata."

Daga nan ka faɗi abin da kake so. Ka ce a gaban aji ka hana ni alli, don haka a gaban aji ya kamata ka miƙa mini shi. Ka riga ka yi magana da daraktan kolej, ya yarda, duk ranar da na zaɓa in zo ɗakin nan namu in ƙarasa rabon a tablo, kai kana zaune a benci kamar ɗalibi. Na ce sai na samu lokaci.

Ina da lokaci, Malam. Kance da Matameye ba nisa. Gaskiyar ita ce na ji daɗin ganin ka kana jira. Duk lokacin da wani ya kira ni ya ce ya samu takardar Malam, ashe Ɗari Biyar ce da gaskiya, sai in ji wani sanyi, in ce a raina bari shi ma ya ɗanɗana. Kullum ina gaya wa mata masu ciki kada su jinkirta zuwa awo don ba a san gobe ba, ni kuma ga abin da nake yi. Bara ka sake zuwa, ka sake tambaya, na ce bayan salla. Bana kafin hutun damina ka zo na uku, na lura ka rame, hawa matakalar ƙofarmu ma sai da ka huta. A ranar na yi niyya da gaske. Na ce in 'yan makaranta sun koma lakol a Oktoba zan zo, ranar Litinin ta biyu ga wata, 13. Ka ciro alƙalami ka rubuta a tafin hannunka, ka ce Allah Ya kai mu. Ko a ranar, da ka tambaye ni ko na yafe, cewa na yi mu bari sai a gaban tablo. Na so in yi abin da tsari, in faɗe shi a inda aka yi mini laifin. Ban ji labarin ciwonka ba sai da ya yi kwana shida, na ce ranar Juma'a zan leƙa in an sallame ni daga aiki. Talata ta riga Juma'a.

Ranar addu'ar uku Sakina ta ja ni ɗakinka. Ga keken a jingine, tayoyinsa sun sace. Ta miƙo mini kayen sunaye. Kowane suna da alamarsa a gefe. Wanda saƙo ya isa gare shi, ka yi masa ɗan ƙugiya. Wanda ya rasu, ka rubuta Allah Ya jiƙansa. Wanda aka nema aka rasa, ka ja ɗan layi. Sunana ne na farko a shafin farko, kuma shi kaɗai ne babu komai a gefensa, don ban mutu ba, ban ɓata ba, ban kuma amsa ba. Sakina ta ce da ciwo ya yi tsanani ta so ta kira ni, ka hana.

"Cewa ya yi kada mu matsa miki, Yaya Najaha," in ji ta. "Ya ce kin jira shi shekara ashirin da shida, shi duka-duka uku ya yi."

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba tun rasuwar innata. Hajiya Hawa ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi in wanke fuska, baƙi na shigowa.

Ranar Litinin, 13 ga wata, na je kolej kamar yadda muka yi alkawari. Darakta bai manta ba. An sake wa ɗakin rufi, amma tablon shi ne. Yara sittin da wani abu suna kallon wata mata da ba su sani ba. Indo ta zo, Munkaila ya ajiye motarsa a tasha ya zo ya tsaya a taga. Sakina ta zauna a bencin gaba, a inda ka ce za ka zauna, ita ta miƙo mini alli a madadinka. Na rubuta 676,163, na ja layi, na rubuta 563. A cikin 676 ta shiga sau ɗaya, saura 113. Na sauko da ɗaya, 1,131, ta shiga sau biyu, saura biyar. Na sauko da shida, 56, ba ta shiga, na sa sifiri. Na sauko da uku. Sai ga 563 da kanta a ƙasan tablo, lambar da ka tsallake tun 1978, tana jiran a raba ta da kanta. Sau ɗaya. Na rubuta sifiri a ƙasa.

Malamin ajin, wani matashi da bai taɓa zama gabanka ba, ya ce in gaya wa yara irinta. Na faɗa musu da kalmominka. Mara ce. Ba gagararriya ba ce, amma gagararru biyu suka haife ta, 563 da 1,201, babu na uku. 'Ya'yanta in an tara, ɗaya da 563 da 1,201, sun ba da 1,765 kacal, don haka ramammiya ce ƙwarai. Na ba su labarin mutumin da ya ƙaunace ta shekara arba'in a kan kuskure, kuma da ya gane bai ɓoye ba, ya bi mutum dubu yana gyarawa. Na ce musu jadawalin ɗari da sittin da takwas ne, su ƙirga da kansu, kada su yarda don ni na faɗa. Da aka tashi na karɓi kayen daga hannun Sakina, na yi ɗan ƙugiya a gefen sunana.

Ya Allah, ga bawanka Cha'ibu ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya bayar, da gonakin da ya raba da adalci, da yaran da ya tsayar a makaranta, su zama masu bin sa da lada har ranar tsayuwa. Ka sa tafiyar da ya yi rumfa-rumfa yana gyara kuskurensa ta yi nauyi a mizaninsa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, tare da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hawa, da Sakina da 'yan'uwanta, da jikoki, da dangi na Matameye da Tsauni, da dukkanmu da muka taɓa sa hannu a ƙwaryarsa. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, kuma kada Ya bar mu da jinkirin abin da za mu iya faɗa yau.

Malam, ka tambaye ni sau uku. Na yafe maka, duniya da lahira, kuma jama'ar da suka karanta wannan su ne shaida. Shekara ukun da na bar ka kana jira kuwa, wanda zai yafe mini su ya tafi.